Gani Ya Kori Ji, To Wa Zai Kori Gani?

A Zongon Lome akwai magana ɗaya da ke rufe bakin kowa, ita ce "da idona na gani." Ko gardama ta kai ina, ko an yi awa biyu ana ja-in-ja a ƙofar masallaci, da zarar dattijo ya ɗora yatsa a ƙarƙashin idonsa ya ce ya gani, shi ke nan, sai kowa ya nemi takalminsa. Kuma ba abin mamaki ba ne, domin unguwa ce da aka gina a kan amana da shaida. Kakanninmu da suka gangaro daga Kano da Katsina da Sakkwato, wasu ta Salaga wasu ta Mango, ba su zo da takarda ba. Bafillace zai kawo shanu daga arewa ya sauka a gidan maigidansa, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, dillali ya haɗa shi da mahauci, mahauci ya kora shanu bashi, babu sa hannu babu hatimi. Abin da ke riƙe da wannan dukiya duka shi ne mutum biyu ko uku da suka tsaya a wurin suka ga an tafa. Ranar da aka daina yarda da idonsu, ranar kasuwa ta tashi.

Da wannan tarbiyya na girma. Abin da ya fara taɓa ta a zuciyata kuwa wani tsohon fim ne na Indiya, baƙi da fari, mai suna Kanoon, wanda B. R. Chopra ya shirya a 1960. Ma'anar sunan ita ce doka, ɗan'uwan ƙanun ɗin nan na Larabci.

Kawuna yana da gidan kallo a ƙarshen shekarun 1980. Rumfar kwano ce, da benci shida, da talabijin ɗaya a kan tebur, da bidiyo da ake lulluɓe shi da tawul saboda ƙura. Kuɗin shiga dala biyar. Kaset direbobi ke zuwa da shi daga Legas ta Kwatano, kuma sau da yawa sai an saka ake sanin abin da ke ciki. A lokacin babu fassarar Hausa irin wadda aka saba da ita yanzu, sai dai muna da namu mai fassara, wani tela da ya yi shekaru a Kano yana shiga silimar Plaza da Marhaba har kunnensa ya kama Indiyanci. Yana zama a bencin gaba, yana faɗin abin da ya ji, abin da bai ji ba kuma ya cike da basira.

Daren da aka saka Kanoon an kusa yin faɗa. Minti goma babu waƙa. Minti ashirin babu waƙa, babu lambu, babu jaruma a cikin ruwan sama. Sai mutane cikin baƙaƙen riguna suna ta magana a kotu. Samari suka fara buga benci suna cewa, "Kawu, a ba mu kuɗinmu!" Kawu ya ce wanda zai fita ga ƙofa nan, amma dala biyar in ta shiga gwangwani ba ta fitowa. Rabin rumfar ya watse. Ba su san cewa har fim ɗin ya ƙare ba za a rera ko baiti ɗaya ba, abin da a Indiyar wancan zamani ya yi kama da a kira biki babu makaɗi.

Mu da muka zauna, farkon fim ɗin ne ya ɗaure mu. An gurfanar da wani mutum, Kalidas, a gaban alƙali Badri Prasad, ana tuhumarsa da kashe wani Ganpat. Bai musa ba. Ya ce shi ya kashe shi, amma kotu ba ta da ikon hukunta shi, domin ta riga ta ɗaure shi shekara goma a kan kisan wannan Ganpat ɗin, a lokacin da Ganpat yana nan da ransa yana yawo a duniya. Ya fito kurkuku ya tarar da mutumin da aka ce ya kashe yana numfashi, sai ya cika aikin da aka riga aka biya shi ladansa. Yana tambayar alƙali wa zai mayar masa da ƙuruciyarsa da gidansa da suka tafi a banza, yana cikin magana ya yanke jiki ya faɗi matacce a gaban kotu.

Na tuna tela ya yi shiru a nan, ya manta da aikinsa, sai da wani ya taɓa shi a kafaɗa. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin da Chopra yake so mai kallo ya yi da kansa: ɗauri aka yi wa Kalidas, shi ya sa ya rayu har gaskiya ta fito. Da rataye shi aka yi tun farko, da Ganpat ya tsufa ya mutu a kan gadonsa, kundin kotu kuma yana nan yana cewa an yi adalci.

Daga nan labarin ya koma gidan alƙalin kansa, wanda Ashok Kumar ya fito a matsayinsa. Yana da 'ya, Meena, wadda wani matashin lauyan gwamnati mai suna Kailash zai aura, Rajendra Kumar ke nan. Yana kuma da ɗa mashiririci da ya ci bashin wani mai ba da rance da ruwa, Dhaniram, har ya sa masa hannu a farar takarda. Kailash ya je gidan mai rancen don ya karɓo takardar ya rufa wa surukai asiri. Yana can sai ga alƙali tafe. Kunya ta sa ya laɓe. Daga inda yake laɓe ya ga surukinsa, mutumin da ya fi girmamawa a duniya, ya soka wa Dhaniram wuƙa.

Bayan kowa ya watse sai ƙaddara ta kawo wani ƙaramin ɓarawo, Kaliya, ya shigo neman abin da zai sata. Ya yi tuntuɓe da gawa, hannunsa ya ɓaci da jini, yana fita 'yan sanda suka cafke shi. Ɓarawo ne sananne, ga jini, ga gawa, me kuma ake jira? Kailash ya ajiye aikin gwamnati ya tsaya wa Kaliya, a kotun da surukin nasa ke zaune a kan kujera. Nan ne naman fim ɗin yake. Mutum ya san gaskiya, ko dai yana ganin ya sani, in ya faɗa ya rushe gidan da zai shiga, in ya yi shiru a rataye talaka. A ƙarshe dai ya nuna alƙali da yatsa, alƙali ya sauko daga kujera ya tsaya inda ake tsayar da masu laifi. Sannan aka gano cewa wanda Kailash ya gani wani ne dabam, mai kama da alƙalin kamar an tsaga kara.

Ba zan ɓoye ba, wannan ƙarshen bai taɓa gamsar da ni ba. Dabara ce mai araha, irin wadda finafinan Indiya suka yi ta jiƙa ta suna shanyawa har ta koɗe. A rayuwa ba kasafai ake samun mai kama da mutum har haka ba, kuma ba a ma bukatarsa. Duhu ya isa, tsoro ya isa, riga iri ɗaya ta isa. Wani fim na Amurka da ya girme shi da shekara uku, 12 Angry Men na 1957, ya fi shi iya wannan wurin: can matar da ta rantse ta ga kisan daga tagarta, shatin tabarau da ke gefen hancinta kawai aka lura da shi, aka tambayi juna ko mutum yana kwana da tabarau. Amma wancan fim na same shi ne ina babba, na kalle shi da kai. Kanoon kuwa ya same ni ina ɗan shekara goma sha huɗu, kuma ya taɓa abin da aka ce mini ba a taɓawa. Kailash ba maƙaryaci ba ne, ba mashayi ba, ba maƙiyin alƙali ba. Da a Zongo yake, shi za a kira ya shaida ɗaurin aure da cinikin gida. Ya gani da idonsa, kuma abin da ya gani ba haka yake ba.

Washegari da dare maganar ta isa zauren Baba. Malamin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ba ya taka gidan kallo, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa game da sana'ar Kawu ba, amma yana son labari. Kawu ya kwashe fim ɗin tas ya ba shi. Malam ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce:

"Shi wannan lauya, shi kaɗai ya gani?"

"Shi kaɗai, Allah gafarta Malam."

"Da dare, yana laɓe, zuciyarsa na bugawa?"

"Haka ne."

"To ai ba a zubar da jinin mutum da wannan."

Sai ya buɗe mana abin da ke cikin Risala da Tuhfa, littattafan da almajiransa ke biyawa kullum a gabanmu ba mu san da mu suke ba. Ya ce a mazhabar Malik kisa yana tabbata da iƙirari, ko da shaidu biyu adilai, ko da ƙasama. Shaida ɗaya lausu ne kawai, wato alama mai ƙarfi, ba ya wadatarwa sai dangin mamaci sun yi rantsuwa hamsin sun ɗauki nauyin a wuyansu. Shaidun ma sai an yi musu tazkiya, an tambayi waɗanda suka san su. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai ci riba da hukuncin. Bayan duk wannan sai alƙali ya yi i'izari, ya tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sauran abin da zai kare kansa da shi.

Kawu ya ce, "Amma Malam, ai yaron bai yi ƙarya ba."

Malam ya ce, "Na ce ya yi ƙarya? Tazkiya tana gaya maka harshen mutum mai tsarki ne. Idonsa kuwa ido ne irin naka. Kana tsammani don ana zargin na farko ake neman na biyu?"

Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa a Amurka wata ƙungiya mai suna Innocence Project, wadda aka kafa a 1992, ta bi shari'o'in mutanen da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke bayan an ɗaure su, ta tarar kusan kashi 70 cikin 100 shaidar gani da ido na cikin abin da ya kai su kurkuku. Yawancin shaidun nan ba sharri suka ƙulla ba. Sun gani, sun tabbata, sun rantse.

Duk da haka, in aka tambaye ni wa ya fi zama mini a rai a fim ɗin, ba Kailash ba ne. Kaliya ne. Nana Palsikar, wanda ya fito a matsayinsa, ya samu kyautar Filmfare a kan wannan rawa, kuma ya cancanta. Yadda yake tsaye a kotu yana rarraba ido, ana ta Turanci da manyan kalmomi a kansa, shi bai san ko ana gina shi ake ko ana haƙa masa rami ba, wannan tsayuwar mun san ta. Duk ɗan Zongo da ya taɓa shiga ofis a Lome ana Faransanci a kansa ya san ta. Garin nan ya daɗe yana kallonmu a matsayin baƙi, ko da kakan mutum a nan aka binne shi. Tsohon Zongo yana tsakiyar gari ne, wajen da manyan bankuna suke yanzu. A 1977 aka rushe shi aka kwashe mutane zuwa nan arewa, wajen kilomita 15 daga teku, a bakin hanyar da ke tafiya Burkina. Ina goye a lokacin. Inna takan ce abin da ya fi rusau ɗin ciwo shi ne sunan da aka laƙaba wa unguwar kafin a rushe ta, wai matattarar ɓarayi ce da ƙazanta, har ya zama wanda ba ɗan Zongo ba yana ganin an yi wa gari wanka ne. Idan an riga an san kai wane ne, ba a wahalar gano abin da ka yi.

Abin takaici, mu ma muna da namu Kaliyan. Yaran da ke gangarowa daga Nijar da Burkina a bayan manyan motoci, masu kwana a ƙarƙashin tirela, masu tallan agogo da tabarau, waɗanda ba su da maigida a unguwa. In abu ya ɓata, ido wajensu yake fara zuwa. Kuma kowa a Lome ya san abin da ke biyo bayan ihun "ɓarawo" a kasuwa in jandarmomi ba su yi saurin zuwa ba. Taya da fetur ba sa neman shaida na biyu.

A 2006, shekarar da wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa har muka saba da duhu, aka kashe wani maƙwabcinmu. Ɗan canji ne, yana kuma sayar da katin waya, mutum mai fara'a da muka yi makarantar allo tare. Bayan sallar isha'i, wuta a ɗauke, wani ya shiga shagonsa ya buge shi a ka ya kwashe abin da ke cikin akwati. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da safe aka ga wayarsa a hannun wani karen mota, yaro ɗan wajen Ƙonni da bai wuce shekara goma sha takwas ba. Ya ce a bakin kwata ya tsince ta. Kafin ya rufe baki an fara dukansa.

Baba ya tsufa a lokacin, da sanda yake tafiya, amma shi ya ratsa taron ya kama hannun yaron ya ja shi zuwa ɗakin baƙinmu, ya kulle, ya sa kujera a bakin ƙofa ya zauna. Ya ce wanda zai shiga sai ya taka shi. Ba don ya yarda yaron ba shi da laifi ba ne. Ya gaya mini daga baya cewa a ransa ya fi zaton shi ne. Amma wanda ya shiga ɗakin baƙi ya zama amana, haka ya gada, kuma ba a gidansa za a ƙone ɗan mutane ba. Haka ya zauna har hukuma ta zo.

Mutum uku suka ce sun gani: mai shayin bakin titi, da wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ƙanen marigayin. Da yake na yi lakwal, ni aka ɗauka in yi tafinta wajen ba da bayani. Ɗan zemijan ya ce ya ga mutum yana gudu, bayansa ya gani, da riga mai duhu. Ƙanen marigayi, da aka bi maganarsa a hankali, ya iso ne bayan an taru, abin da ya gani da idonsa shi ne wayar a hannun yaron da safe. Saura mai shayi, wanda teburinsa ke kallon shagon, kuma yana da fitilar ƙwai a gabansa. Dattijo ne mai gaskiya, shekara ashirin ana barin kuɗi a wurinsa ajiya.

Jami'in ya tambaye shi wa ya gani. Ya ce, "Na ga wani ya fito da sauri, kamar yaron nan ne."

Na juya da Faransanci yadda ya faɗa. Jami'in ya ɗaga kai daga keken rubutunsa ya ce shi ba ya rubuta kamar, shi ne ko ba shi ba ne? Na juya wa mai shayi. Ya dubi yaron, ya dubi ƙanen marigayi da ke tsaye a bakin taga idonsa jawur, ya ce, "To, shi ne mana."

Mai karatu, ka san wannan "mana" ɗin. Ba ta "na tabbata" ba ce. Ta "tunda kowa ya ce" ce, ta mutumin da aka matsa wa ya zaɓi ɗaya, kuma gobe da waɗannan mutanen zai buɗe teburinsa. Faransanci ba shi da inda zai ajiye ta. Da aka karanta bayanin don ya dangwala yatsa, abin da ke takardar shi ne ya ga yaron ya kuma gane shi sarai. Na ce wa jami'in, "Mushe, maganarsa biyu ce, ta farkon ba ta shiga ba." Na tambayi mai shayi a gaban kowa, "Baba, ka ce kamar ko ba ka ce ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce ya faɗa, kuma tsakaninsa da Allah fitila a gabansa take, wanda ke bayan fitila ba ya ganin fuskar wanda ke cikin duhu sosai. Jami'in ya yi tsaki ya zare takardar ya saka sabuwa.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa na sayar da jinin ɗan'uwana saboda baƙo. Ƙanen marigayi ya daina amsa sallamata, kuma ya yi shekara shida a haka. Wannan ban damu da shi ba kamar ranar sadakar bakwai, da na durƙusa gaban mahaifiyarsa in yi mata gaisuwa. Matar nan ta sha ba ni ƙosai kyauta ina yaro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, abokinka yana kabari, kai kuma kana can kana auna kalma."

Ba ni da amsar da zan ba ta, kuma har yau ban ga laifinta ba. A nan ne fim ya fi rayuwa sauƙi. Chopra ya wanke Kaliya, ya wanke alƙali, sannan ya miƙa wa mai kallo mai laifi na gaskiya, kowa ya tashi zuciyarsa wasai. Dhaniram kuma an yi shi mugun mai cin riba ne don kada kowa ya yi kukansa. Namu mamacin mutumin kirki ne, yana da uwa da mata da 'ya'ya uku. In ka ce mata "wataƙila ba wannan ba ne," abin da take ji shi ne "ba kowa ba ne," alhali wani ne ya ɗaga ƙarfe ya buga. Wanda ke neman a yi taka-tsantsan yana neman uwa ta haƙura da hannu wofi, kuma ya kamata ya san girman abin da yake nema. Garin nan ma ya san zafin kisan da ba a yi shari'arsa ba. An harbe shugaban ƙasa na farko, Sylvanus Olympio, a ƙofar ofishin jakadancin Amurka ranar 13 ga Janairun 1963, kuma ba a taɓa gurfanar da kowa a kotu a kan jininsa ba.

Yaron yana tsare yana jiran shari'a aka soke hukuncin kisa a Togo. Ranar 23 ga Yunin 2009 majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a, firaministan Sifaniya na lokacin, Zapatero, yana zaune a zauren, aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Dama tun 1978 ba a sake zartar da shi a kan kowa ba. A rediyo muka ji, aka yi ta muhawara a majalisun unguwa, wasu na cewa an bi Turawa an bar Allah. Ni dai ban bi Chopra har ƙarshen hanyarsa ba. Ƙisasi yana cikin Littafi, da afuwa da diyya a gefensa, kuma ba ni ne zan goge shi ba. Amma duk mai kiran ƙisasi ya kira shi da sharuɗɗan da Malam ya lissafa mana a zaure, ya kuma dubi hannun da zai ba wuƙar. A Nijeriya an yanke wa wani Nasiru Bello hukuncin kisa a jihar Oyo kan fashi da makami, ya ɗaukaka ƙara, aka kashe shi a 1981 ƙarar tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an karya doka, ta ce a biya iyalinsa diyya. Kuɗi suka samu, ƙarar kuwa babu mai tsayawa a kanta.

Baba da ya ji labarin sokewar bai ce an yi daidai ko ba a yi ba. Cewa ya yi gwamnati ta ajiye bindigarta, saura mu mu ajiye ashana.

Shekara huɗu da wata biyar yaron ya yi a tsare kafin a kira shari'arsa. Ban je ba, Kawu ne ya je, ya dawo yana cewa ko kusa ba ta kai ta fim daɗin kallo ba, babu mai buga tebur, babu mai kuka, rabin lokacin ma takardu ake nema. Lauyan da aka ba yaron ya tsaya a kan abu biyu: ba a samu kuɗin a wurinsa ba, kuma shaida ɗaya tilo da ya ce ya ga fuska, da "kamar" ya fara. Aka sallame shi. Ba a kama wani ba. Zongo ta rabu biyu a kan maganar, kuma a rabe take har gobe. Akwai waɗanda in na wuce suke cewa ga wanda ya kuɓutar da mai kisa, akwai masu cewa Allah ya yi amfani da ni. Mai shayi ya rasu bara waccan, kuma har ya koma ga Allah in aka tambaye shi abin da ya gani a daren, amsarsa ɗaya ce, ya ga mutum ya fito da sauri.

Ranar da aka sake shi yaron ya zo gidanmu da tsakar dare, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya tarar Baba ya rasu da wata bakwai. Ya tambayi inda kabarin yake, na ce dare ya yi, ya bari sai da safe. Ya ce a'a, ba zai kwana ba. Inna ta ɗaure masa gari da sukari a leda, na raka shi bakin titi ya hau motar da ke tafiya arewa.

Yanzu direba ne, yana jan tirela tsakanin tashar jirgin ruwan Lome da arewa. Wani lokaci yakan kira ni in ya shigo gari, mu gaisa, ya tambayi Inna. In ya yi lodi ya fito da yamma, abokan aikinsa sukan tsaya a nan Zongo su ci tuwo su kwana, su kama hanya da asuba. Shi ba ya tsayawa. Yakan wuce sai Tsevie, kilomita ashirin gaba, ya kwana a cikin mota.